Hannun da Baffa Ya Ɗaure

Ni bahago ne, kuma na fi shekara ashirin ina ɓoye wannan kamar mai ɓoye kuturta. Gidanmu gidan malamai ne a gefen Turba. Baffa, yayan mahaifina, shi ke da makarantar zaure, shi kuma ya rene ni bayan mahaifina ya rasu. Ranar da aka fara ba ni alƙalami, hagu na miƙa. Baffa ba mai duka ba ne. Tsohon rawani ya yaga, ya ɗaure mini hannun a ƙugu, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka na riƙa zama cikin yara da hannu ɗaya, suna kallona suna ƙunshe dariya. Na koyi rubutu da dama, rubutu mummuna kamar kaji sun yi tonon ƙasa. Na koyi ci da gaisuwa da miƙa abu da dama. Sauran ayyuka kuwa, in na waiga ba kowa, hagu ke yi.

A shekarun farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa a bakin rijiyoyi aka tura ni wani ƙaramin asibiti tsakanin Isa da Sabon Birni. Likita ɗaya ne a wurin, wani dattijo baƙo mai Hausar koyo. Ya gaji da ma'aikatan da ake turo masa daga birni, waɗanda ba sa cika wata nawa sai su tsere saboda ƙishirwa da zafi. Sai ya ce shi 'ya'yan ƙasar zai koya wa ƙananan ayyukan tiyata, ɗinkin rauni da tsaga ƙurji da taimaka masa in yana babban aiki, don su ba inda za su gudu. Bai duba gidan da mutum ya fito ba. A cikinmu akwai ɗan wanzami, akwai 'yar Fulanin da garkensu ya ƙare, ga kuma ni. Mutanen gari sun yi ta surutu a kan wannan haɗin, shi ko a jikinsa.

A kan fata muke koyo. Wannan kam fari bai hana mu ba, domin mahauta har roƙonmu suke mu kwashe. Likita zai tsaga fatar akuya, mu jeru a gefensa, ya nuna yadda allura ke shiga da yadda ake ƙulla zare, mu kwaikwaya. Kowa ya kama ban da ni. Ƙullina ko ya kwance ko ya shaƙe fatar. Babban nas, wanda ke miƙa kayan aiki tun da yanar ido ta fara rufe masa gani ya daina ɗinki, ya sa mini suna Mai Hannun Muciya. Sunan ya bi ni har kasuwa. Ina jin haushinsa, amma ban ga laifinsa ba, don ni ma da na ga ɗinkina a jikin wani da na tausaya masa. Aka fara maganar a mai da ni wurin ba da kati. Na san in haka ta faru to ni da ɗakin tiyata har abada, kuma babu abin da nake so a duniya irin aikin nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata rana almakashi ya zame daga tebur, kafin in yi tunani hagu ta cafke shi. Likita ya dube ni, ya dubi hannun. Da aka tashi ya ce in tsaya. Na tsaya ina jin kamar an kama ni da kayan sata. Ya sa mini ƙarfen riƙe allura a hagu ya ce in ɗinka. Na ce masa a gidanmu ba a karɓar abu daga hannun babba da hagu. Ya yi dariya ya ce to ya ajiye a tebur, in ɗauka da kaina.

Daga ranar ya canza mini wurin zama. Sauran suna gefensa, ni ina gabansa fuska da fuska, ta yadda damarsa ke daidai da haguna, in bi shi kamar mai duba madubi. Wannan ma da wuya ya zo mini, don ban saba zama ina fuskantar dattijo ido cikin ido ba. Kayan aikin duk don masu dama aka ƙera su. Almakashi a hagu tauna zare yake maimakon ya yanke, maƙallin ƙarfen allura kuma ba ya buɗuwa sai an juya yatsa wani iri. Likita ya zauna ya gwada da tasa hagun, yana kuskure muna dariya, har ya gano dabarar ya koya mini. Kafin damina ta sake yi mana alkawarin ƙarya, ɗinkina ya fi na kowa kyau, ba yabon kai ba. Babban nas dai bai taɓa sa mini abu a hagu ba. A faranti yake ajiyewa ya kau da kai. Marasa lafiya kuwa yawanci a kwance suke ko an yi musu shamaki da ƙyalle, ba su san da wane hannu aka yi musu aiki ba, ni kuma ban taɓa faɗa ba. Ko a gida ban faɗa ba.

A lokacin kowane gari yana ƙara wa rijiyarsa zurfi yana bin ruwa. Wata safiya likita ya tafi Sakkwato neman magani, sai ga mutanen garinmu da Baffa a kan jaki, hannunsa na dama naɗe cikin rawani jini ya jiƙa shi. Ya je bakin rijiya taya masu haƙa jan ƙasa, da tsufansa, don ya ce ba zai sha ruwan da bai wahala a kansa ba. Igiya ta kufce, bakin bokitin ƙarfe ya tsaga masa tsakanin babban yatsa da manuni har cikin tafi. Na duba, yatsun suna motsi, jijiya ba ta tsinke ba. Aiki ne da na yi irinsa ba sau ɗaya ba, yana son ɗinki daidai wa daida ne kawai, don wurin a motse yake kullum. Na wanke, na yi masa allurar kashe zafi. Yana zaune, ya ƙi kwanciya, yana kallon duk abin da nake yi. Na miƙa hagu cikin faranti.

“Mi kaka shirin yi da wanga hannu?”

Na ce da shi na iya, Baffa.

“Hannun tsarki za ka sa cikin naman da yaka rubuta Alƙur'ani? Ko da dama, ko ka bar shi.”

Bai ɗaga murya ba. Mutanen garinmu suna bakin ƙofa, 'yar Fulanin nan tana riƙe da kwano, kowa ya ji. Na ji na koma ɗan yaron nan mai ɗaurarren hannu a zaure. Ina da amsa, na san addini bai hana aiki da hagu ba, na kuma san shi ma ya sani. Amma a gidanmu ba a mayar wa Baffa magana, kuma kunya ta riga ta cika mini baki. Babban nas ya ɗauki ƙarfen ya sa mini a dama, karo na farko da ya miƙo mini abu hannu da hannu, har da ɗan murmushi. Na karɓa.

Na yi iya ƙoƙarina, Allah ne shaida. Amma hannun muciya hannun muciya ne. Wani ƙullin ya yi sako-sako, wani ya matse. Na naɗe da bandeji ina addu'a a zuci. Baffa ya ce Allah ya yi albarka, ya hau jakinsa.

Bayan 'yan kwanaki da suka dawo da shi, likita ya riga ya dawo. Hannun ya kumbura, gefen fatar da zare ya shaƙe ya yi baƙi, sauran ya buɗe yana mugunya. Jikin da bai ƙoshi ba ba ya saurin haɗa nama, kuma a shekarar ba wanda ya ƙoshi. Likita ya warware zaren ɗaya bayan ɗaya. Ya san ɗinkina kamar yadda malami ya san rubutun ɗalibinsa, kallo ɗaya ya gane da wane hannu aka yi. Na so ya zage ni, da na samu sauƙi. Sai da muka keɓe ya ce mini laifin har da nasa. Ya koya wa hannuna aiki a ɓoye, ya bar ni ni kaɗai da abin da zan faɗa wa mutane. Ya ce da ya tsaya a gaban marasa lafiya tun farko ya ce wannan bahago ne kuma shi ya fi, da ranar ba ta same ni ba shiri ba. Daga nan ya riƙa yin haka. Duk wanda zan yi wa ɗinki sai ya faɗa masa a gaban kowa. Wasu suka ƙi, ya yi musu da kansa, da yawa suka ce su dai a ɗinke. Kowane karo sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba a mai da ni wurin kati ba.

Raunin Baffa ya warke, amma da ya tashi haɗewa sai tabon ya janyo babban yatsan ya kwantar da shi cikin tafi. Yana iya cin abinci da sauran yatsun, yana iya jan carbi. Alƙalami ne ba ya riƙuwa. Mutumin da tun daga Bafarawa ake kawo masa takarda ya rubuta, ya koma sai dai ya faɗa wani ya rubuta. Bai taɓa cewa ni na jawo ba, bai kuma ce shi ya jawo ba. Na daɗe ina ƙirƙiro dalilan da za su hana ni zuwa gida.

Da na je, da hantsi ne, an sallami yara sun tafi neman ruwa. Na yi sallama a zaure na same shi shi kaɗai a kan buzunsa, allo a cinya, alƙalami a hannun hagu. Ya riƙe shi kamar mai riƙe da tsinken tsire. Tawada ta ɓata masa gefen hannu, haruffan sun karkace, sun fi nawa na yarinta muni. Ya yi kamar zai tura allon bayansa, sai ya fasa. Na durƙusa nesa na gaishe shi, idona a ƙasa, don ban taɓa jin kunya irin ta ganinsa a haka ba.

“Ƙaƙa kaka riƙa shi, ɗana?” ya ce. “Ni ya ƙi ni.”

Na matso zan zauna gabansa kamar yadda likita ya koya mini, sai na tuna ba amfani, yanzu hannunmu ɗaya. Mai hagu in zai koya wa mai hagu, gefensa yake zama. Buzun nan kuwa tun da nake ban ga wanda ya taka shi ba sai shi. Ya gane abin da ya tsayar da ni. Ya muskuta ya ba ni wuri.

Na zauna kafaɗata na taɓa tasa. Na ɗora haguna a kan tasa, na gyara masa yatsu, na karkata allon kaɗan don kada hannun ya shafe abin da ya rubuta. Muka tsoma a tawada, muka fara daga bisimilla.