Mae Buasai da Hantar Kwaɗin Tafkin Nong Waeng

Shekara arba'in da ɗaya Mae Buasai, wato Inna Buasai, ta yi tana feɗe kwaɗi a kasuwar safe ta gundumarmu, can ƙarshen layin masu kifi, inda ruwan wanke-wanken kowa yake taruwa. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, babban yatsanta na dama ya karkace saboda riƙon wuƙa. Ba ta da fara'a, ba ta kuma yin ragi. Amma wanda ya sayi kwaɗo a hannunta ba ya komawa wani wuri.

Ita ce ta fari cikin 'ya'ya shida. Aji huɗu ta yi aka cire ta daga makaranta don ta yi renon ƙannenta. Ta yi aure tana da shekara ashirin, mijin ya tafi aikin gini Bangkok, bayan shekara bakwai aka dawo da shi cikin akwati. Da kwaɗo ta ciyar da 'ya'yanta biyu har suka girma suka bi hanyar birni su ma. Da damina tana saye a hannun maza masu kamu. Da rani, in ƙasa ta tsattsage, ita da kanta take fita da siririn magirbi da ƙugiyar waya, ta bi ramukan ƙaguwa a gefen kunyoyin shinkafa tana zaƙulo waɗanda suka ɓuya suna jiran ruwa.

A wurinmu maza ne suke kamun kwaɗo, su ne kuma ake fara zuba wa, amma ba sa feɗewa. Namiji sai ya shekara saba'in yana cin kwaɗo bai taɓa ganin cikinsa ba. Buasai kuwa ta ga cikin dubbai. Ta san hantar lafiyayyen kwaɗo kamar yadda ta san tafin hannunta: ja mai duhu, sumul, girman kan yatsa, in ka matsa ta sai ta dawo yadda take.

Ba ta sayar da hanta. Tun autansu Samrit yana goye a bayanta take tara masa ita, ta sa gishiri da tafarnuwa da barkono, ta ƙunshe a ganyen ayaba ta gasa a garwashi. Ya girma, ya yi aure, ya yi furfura, ƙunshin bai fasa zuwa gidansa ba duk bayan kwana biyar.

Sai rake ya shigo. Samrit ne ya fara shuka shi a gonakin gabas, daga baya ya zama wakilin kamfanin sukari a ƙauyenmu, ya sayi a-kori-kura ja. Rake ba ya son ciyawa, masu gonakin kuma ba su da isassun hannuwan yin noma, saboda haka feshi ake yi, sau biyu sau uku kafin ganye ya rufe. A shekara ta biyu Buasai ta fara ganin abin da ba ta saba gani ba. Kwaɗin gabas a waje lafiya lau, amma hantarsu ta kumbura, ta koɗe, da ɗigo-ɗigon baƙi, in ta taɓa ta sai ta dagargaje a yatsa. Ta daina sayen na gabas. Ta sa hanta uku a ganye ta kai wa Samrit har gida.

“Duba nan,” ta ce.

Bai duba ba, yana wanke motarsa. “Yaya, tsufa ne ya fara taɓa miki ido. Zo in kai ki gari a yanka miki tabarau.”

“To. Ran da ka duba, ran nan za ka sake cin hanta daga hannuna.”

Ita ma tana da taurin kai, gadonsu ne. Shekara uku ƙunshin ganye bai taka gidan Samrit ba. Suna gaisawa a haikali, shi ke nan.

Wuri ɗaya ya rage mata: tafkin Nong Waeng da gonakin shinkafar da suke kewaye da shi. A saman tafkin akwai tudun kiwo na ƙauye, ba na mutum ɗaya ba, kuma duk ruwan da ya sauka a tudun nan cikin tafkin yake ƙarewa. A ranin da Buasai ta cika sittin da uku, Samrit ya kawo magana cewa kamfani yana son hayar tudun ya shuka rake, zai kuma zuba wa ƙauye kwalta tun daga babban titi har ƙofar haikali. Duk wanda ya taɓa tura babur cikin taɓon hanyarmu ya san irin zaƙin wannan magana. Ita kuwa ta san in feshi ya hau tudun, tafkin ya tafi, sana'arta ta bi shi.

Mai gari, Pho Thongdi, ya tara mutane a rumfar haikali bayan cin abincin safe. Samrit ya yi bayani da takardu da hoton titi. Aka tafa masa. Sai Buasai ta tashi daga cikin mata, ta faɗi abin da take gani a cikin kwaɗi, a taƙaice, ba ado.

Wani daga baya ya ce, “Mae, likitan kwaɗi kika koma? A ina kika yi karatun?”

“A inda uwarka take sayen abin miya,” ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Samrit ya bari dariya ta lafa. “Jama'a, yayata ce, ita ta goya ni, ba zan ƙaryata ta ba. Amma kwaɗo kwaɗo ne. In har hanta tana magana, a kawo mata kwaɗi ba tare da ta san inda aka haƙo su ba, ta faɗa mana sunan gonar. In ta faɗa daidai, a bi ta. In ta kuskure, ta zauna a zuba mana kwalta.”

“Na yarda,” ta ce. “Gobe. Ka zo da idonka, kada ka baro shi wajen mota.”

Washegari da hantsi rumfar ta cika har da mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka. Pho Thongdi ya aika mutum biyu sun yi haƙa tun da sassafe, shi da kansa ya zuba kwaɗin a kwanduna, ya rubuta sunan wuri da gawayi a gindin kowanne. Kwando biyu aka yi magana, amma uku ta tarar a kan tabarma. Ta dubi mai gari, ya kawar da kai. Ta zauna, ta jawo katakon yanka, ta shimfiɗa ganyen ayaba uku.

Hannunta ba ya ɓata lokaci. Bugu ɗaya a ka, tsaga ɗaya a ciki, yatsa ya shiga ya fito da hanta. Biyar ta jera daga kwandon farko.

“Gabas,” ta ce. “Kusa da magudanar ruwa, inda suke wanke tankin feshi.”

Ta jera biyar daga na biyu, ta goge wuƙa a zaninta. “Tafki. Ɓangaren da shanu suke sha, ga laka baƙa a farcensu.”

Kwaɗin kwando na uku manya ne, ƙosassu, suna sheƙi. Maza suka fara gunaguni na sha'awa, wani ya ce shi dai a ba shi biyu ya tafi. Ta tsaga na farko ta tsaya. Ta tsaga na biyu, ta ɗaga hantar ta duba a haske. Babba ce, fara-fara mai ruwan ɗorawa, tana maiƙo, cikin kuma cike da kitse. Samrit ya gyara zama yana murmushi.

“Yaya, ko a kawo tabarau ɗin?”

Ta tsaga tumbin, ta murza abin da ke ciki a yatsa, ta shinshina. Sannan ta ajiye wuƙar.

“Wannan ɗan birni ne. Bai taɓa taka gona ba, bai taɓa cin fara ko tsutsa ba. A kwamin siminti aka rene shi da abincin buhu, shi ya sa hantarsa ta yi kitse kamar ta mai kanti.” Ta ɗaga kai ta bi mutane da kallo. “Wa ya je gari jiya da yamma?”

Mota ɗaya ce ta fita daga ƙauyen jiya da yamma, kuma ja ce. Pho Thongdi ya kifa kwandunan ɗaya bayan ɗaya. Na farko gabas, na biyu tafki. A gindin na uku an rubuta “gonar raken Samrit”.

“Shi ya kawo mini da hannunsa,” in ji mai gari. “Ya ce da asuba ya haƙo su a gonarsa. Na ce a raina, ashe rake yana ƙosar da kwaɗo haka.”

Dariyar da aka yi har karnukan haikali sai da suka tashi. Dabararsa a fili take: ya zaɓo mafi ƙiba a kasuwa, yana zaton duk mai ƙiba lafiyayye ne, za ta gan su ta ce na tafki ne, sai a kifa kwando ta ji kunya. Wanda ya taɓa feɗe kwaɗo ko sau ɗaya ba zai yi wannan lissafi ba.

Maza suka taso suka kewaye ganyen. Tsofaffi masu jikoki suna durƙusawa suna leƙen abin da suka yi shekaru suna haɗiya. Matan ba su taso ba, sun riga sun sani, ba a dai taɓa tambayarsu ba ne.

Samrit bai saduda nan take ba. Fuskarsa ta yi ja, amma ya ce, “To, na ji. Sai dai kwaɗo ba mutum ba ne. Wa ya mutu a ƙauyen nan don ya ci kwaɗon gabas?”

“Ban ce wani ya mutu ba. Ban san abin da yake yi wa mutum ba, ni ba likita ba ce. Abin da na gani na faɗa.”

Ta tattara hantar gabas ɗin nan biyar, ta karɓi gishiri da tafarnuwa a madafar haikali, ta ƙunshe, ta ɗora a garwashi. Kowa yana kallo har ganyen ya yi baƙi, ƙanshi ya cika rumfar. Ta buɗe ƙunshin a gabansa, ta tura masa kwandon shinkafa mai danƙo.

“Shekara uku kana cewa na hana ka. Ga shi. Ci, auta.”

Ya gutsuri shinkafa, ya dunƙula ta a tafin hannu kamar yadda ya saba. Ya kai hannu har bakin ganyen. Ya daɗe a haka. Sannan ya jefa shinkafar a baki gayanta.

“Na karya a gida,” ya ce.

Da aka zo ɗaga hannu, mutum tara ne suka nemi kwalta. Sauran duk suka bi Buasai, har da matar Samrit, wadda ta ɗaga nata sama sosai don ya gani. Shi bai ɗaga wa kowa ba.

Tudun yana nan, shanu suna kiwo. Hanyarmu ma tana nan da taɓonta, kuma duk damina akwai masu zagin Buasai in babur ya kafe. Gonakin gabas har yau rake ne, hantar kwaɗinsu ba ta canja ba. Abin da ya canja a can kaɗan ne: Samrit ya hana wanke tanki a magudana, ya bar ciyawa mai faɗin taku goma a bakinta, ba a fesa mata komai. Bai taɓa cewa yayarsa ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta nema ba.

Bayan ruwan farko na shekarar ya sauka, sai ga shi a ƙarshen layin masu kifi, yana ɗage ƙafar wando saboda ruwan wanke-wanke. Ya tsaya yana kallon kwandon kwaɗin tafki.

“Yaya, ana sayar da hanta a nan?”

“Ba a sayarwa.”

Ta tura masa kujerar tsuguno da ƙafa, ta miƙa masa wuƙa ta wajen ƙota. Masu kifi suka bar ciniki suna kallon wakilin kamfani yana kokawa da kwaɗo. Na farko ya kuɓuce masa ya faɗa kwatami. Na biyu ya fasa masa matsarmama, ta ce ya zubar, ya ɓata. A na huɗu ya fito da hantar ɗungurungum, ja mai duhu, sumul. Ya riƙe ta a yatsa yana jujjuyawa.

“Haka take ashe.”

“Haka take. Saura goma sha ɗaya, ka yi sauri, garwashin yana mutuwa.”