'Yar Jar Fitila a Kicin ɗin Malama

Ƙarfe bakwai na safe mai gyaran wutan nan yake buɗe 'yar rumfarsa da ke ƙarƙashin matakalar wani bene. Ya share gabanta, ya zazzage jakar aiki a kan benci, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya: filaya, sukundireba, salatif, da tasta mai nuna ko waya na da wuta. Ita kanta tastar ba ya yarda da ita sai ya gwada ta a soket ɗin da ya san yana da wuta. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka, har masu shagunan layin suka laƙaba masa Sannu-Sannu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin. Hannunsa ya fara rawa, shi kuma ya ce wayar wuta ba ta san uzurin tsufa ba.

Mutane na auna gwanintar mai gyara da saurin hannunsa, kuma an daɗe ana wannan kuskure. Mai wanki da guga na bakin titi zai shaida cewa mutum uku suka canza masa fis cikin minti biyar-biyar, yana sake ƙonewa. Sannu-Sannu ya yini a rufin shagon, ya sauko da wayar da ɓera ya ci. Irin wannan labari yana da yawa, amma na Malama ya fi cancanta a faɗa.

Malama ta koyar da lissafi shekara talatin kafin ta yi ritaya. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai a gidan da suka gina tare, sai wata tela da ke haya a ɗakin baya. Injin da ke jan ruwa daga rijiya zuwa tanki yana can baya, makunninsa a jikin bangon telar. Da gwiwa ta fara damun Malama, babban ɗanta ya sa aka ƙara wani makunnin a kicin, don ta huta da zagaye.

Daga nan tanki ya fara ambaliya. Ruwa ya yi ta zuba har bango ya jiƙe ya yi kore. Sau biyu rijiya ta ƙafe injin na ta aiki, ya ƙone. Kowane karo Malama sai ta rantse ta kashe shi da hannunta, ɗan kuma ya ce, "To, Mama," da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Kunnenta ya yi nauyi, wannan ba ta musa ba, ba ta jin ƙarar injin daga kicin. Amma a ce hankalinta ne ya fara tafiya? 'Ya'ya suka yi ta waya a tsakaninsu. Wadda ta manta famfo yau, in ji su, gobe gas za ta manta. Aka yanke cewa ranar Asabar za ta koma gidan babban, a rufe nata ɓangaren. Har ya sauko mata da akwati daga saman kabad.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ma ta fara shakkar kanta. Takan tsaya gaban makunnin ta ce da ƙarfi, na kashe, don kunnenta ya zama shaida. Duk da haka ta dawo daga unguwa ta tarar da tsakar gida ya zama tafki.

Ranar Alhamis aka kira Sannu-Sannu ya haɗa sabon inji. Da wani ne, da ya haɗa ya kama gabansa. Shi kuwa sai ya ajiye jaka ya ce ta nuna masa yadda take kashewa. Ta ce ai an riga an gama shari'a, tsufa ne. Ya ce shi bai halarci zaman ba.

Ta nuna masa. Tun tana yarinya ta san makunni in ya yi ƙasa a kunne yake, in ya yi sama a kashe. Da safe takan danna shi ƙasa. In ta shirya fita, ta leƙo ta gan shi a ƙasa, sai ta mayar da shi sama. Ya zagaya baya ya tambayi telar. Ta ce ita dai in ta ga tanki ya kusa cika kafin ta tafi shago, takan danna na wajenta ta kashe, don ta taimaki tsohuwa.

Ya dawo kicin ya zauna a kan turmi. Sannan ya ce, "Malama, ba mantawa kike yi ba. Kulawarki ce take kunna shi."

Ya yi mata bayani. Makunni biyu a kan inji ɗaya ba su da sama ba su da ƙasa. Kowanne juya abin da ɗayan ya bari yake yi. Telar ta kashe daga baya, na kicin yana nan a ƙasa kamar a kunne. Malama ta zo ta ɗaga shi da niyyar kashewa, inji ya tashi, ba mai ji, kowa ya fita. Malama ta karɓi biro ta zana abin a bayan kalanda, layi biyu da mahaɗa biyu, ta bi shi da yatsa. Ta ɗago ta ce ko ɗan aji uku zai gane wannan, amma 'ya'yanta masu digiri huɗu sun zaɓi su ce uwarsu ta ruɗe.

Maganin ɗan ƙarami ne, aikin ne babba. Ya ce a sa 'yar fitila a kowane makunni, wadda za ta kama in inji na aiki, ta mutu in ya tsaya, ko daga ina aka danna. Na baya bai ba shi wahala ba, yana kusa da injin. Na kicin kuwa babu wayar da za ta dawo masa da labari, sai da ya ja sababbi ta cikin bututun bango. Suka maƙale a kwana, ya zaro, ya sake turawa. Ya kai la'asar ɗin Juma'a yana fama, yana tsayawa in hannun ya dame shi.

Da ɗan ya iso ranar Asabar da mota, Malama ba ta yi gardama ba. Ta ce ya zagaya baya ya yi ta danna makunnin yadda ya ga dama. Tana tsaye a kicin, idonta a kan jar fitilar, tana ɗaga murya: ka kunna, ka kashe, ka sake kunnawa. Sau bakwai, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ya dawo yana sosa ƙeya, Sannu-Sannu da ya zo duba aikinsa ya sake bayanin daga farko. Ɗan ya durƙusa ya ce ta yafe musu. Ta ce ta yafe, amma tunda shi ya sauko da akwatin, shi zai mayar da shi inda ya ɗauko.

Kai ne, Malam Sannu-Sannu, ka tambayi wadda kowa ya daina tambaya. An kira ka don inji, ka tsaya ka saurari mai gidan. Ba ka ce tsofaffi ba sa mantuwa ba, suna yi, kai ma ka sani. Ka dai ƙi yarda a ɗora wa mutum ciwo kafin a bincika bango. Mai haƙurin bin waya har ƙarshenta, mun gode. Allah Ya ba hannun nan lafiya, Ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Masu gyaran da za su gaje ka, duk inda kuka sa makunni biyu a kan abin da ido ba ya gani, ku sa masa fitila. 'Ya'ya kuma, in tsohuwarku ta ce ta kashe, ku je ku duba tare da ita kafin ku kira 'yan'uwa. Malama tana gidanta, ta sa an kankare bangon, kuma ita ta zaɓi launin fentin.