Kwanan da Aka Hana Don Eustorgio

Duk unguwar Rebolo ta birnin Barranquilla an san Don Eustorgio mai aski da surutu da kuma tsoron asibiti. Likita ya daɗe yana ce masa jijiyar zuciyarsa ta toshe, ya zo a buɗe, shi kuwa sai ya ce kakansa ma ba a buɗe masa komai ba. Matarsa Nicolasa ta yi faɗan, ta yi lallashin, har ta gaji ta zuba masa ido.

Sai korona ta shigo Barranquilla ta kwantar da Nicolasa a benen sama na asibitin garin, inda ba a barin kowa ko leƙe. Tun aurensu ba su taɓa raba makwanci ba. Mutum mai baki kamar rediyo ya koma shiru, abinci ma sai an matsa masa. Kewa ce kawai ke cin sa.

Rannan da ƙafarsa ya je ya ce a sa masa ranar aikin zuciyar. 'Ya'yansa har da murna, wai tsoho ya yi hankali. Ina! Wani abokin wasan dominonsa da aka yi wa irin aikin bara ne ya gaya masa ana kwana ɗaya a asibitin. Dabararsa ke nan: ko bai ga Nicolasa ba, su kwana a gini ɗaya.

Ya zo da rigar barci da silifas. Da safe aka zura siririyar waya ta wuyan hannunsa aka buɗe jijiyar. La'asar na yi, sai ga nas Yurleidis.

"Baba, tashi, an sallame ka."

"Sallama kuma? 'Yata, ai kwana ake yi."

"Da ke nan. Yanzu gado ya yi wuya, kuma gara maka gida da ka kwashi cutar a nan."

"Jiri nake ji."

Ta fashe da dariya. "Jiri? Kai da ka cinye wainar arepa biyu yanzun nan?"

Can ya faɗi gaskiya, murya ƙasa-ƙasa. "Matata tana benen sama. Ko kujera ki ba ni a lungu, ba zan yi motsi ba."

Yurleidis ta daina dariya. Ta durƙusa ta sa masa takalmi da hannunta.

"Ba ni da iko, Baba. Amma zuciyarka ta gyaru sarai, likita ya ce kamar sabuwa."

"To na gode," in ji shi, yana kallon silin. "Sai in kai ta gida in nuna wa wa?"