Barkonon da Gwaggo Take Zagi

A gidanmu da ke kusa da Ƙofar Doka, kowa ya yarda cewa barkono halin mai shuka shi yake ɗauka. In mai sanyin rai ta shuka, ya fito lami. In masifaffiya ce, to ka ajiye ruwa kusa kafin ka ɗanɗana. Ba mu taɓa musun wannan ba, don shaidar tana cikin gidan tana yawo da ɗankwali a karkace. Gwaggo ke nan, yayar Babanmu, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyata. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba.

Lambun nata ɗan fili ne tsakanin rijiya da katanga, an kewaye da zana, cike da fasassun tukwane da tsofaffin bokitai. Da rani take shuka. Kullum da hantsi sai ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu.

"Ku dube su don Allah! Ganye kamar alayyafo, 'ya'ya babu. Malalatan banza! Yau ko ɗigon ruwa ba za ku gani ba."

Kuma ba za su gani ɗin ba. Sai ganye ya yi yaushi ya sunkuyar da kai, sannan ta watsa musu rabin guga tana mita. Ni ma haka ta rene ni, sai dai ni ba ta hana ni ruwa. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke!" ce kawai, in kuma ran ya ɓaci, "waccan mai kunnen ƙashin".

Ranar daka kuwa, wayyo! Ta shanya barkonon ya bushe ƙayau, ta haɗa da citta da kimba da masoro da kanumfari da daddawa, ta ɗaure hanci da gefen zane. Taɓarya na sauka, atishawa na tashi. Masu ɗaukar karatu wurin Baba a zaure sai su rufe littattafai su koma gindin darbejiya. Amma kafin la'asar ƙananan kwanoni sun yi layi daga maƙwabta, wai a sammusu ko na taɓa harshe.

Sai Gwaggo ta tafi aikin Hajji. Ta dawo da haƙorin Makka da wani alkawari da ta ce ta ɗauka a can: ta daina faɗa, ta daina zagi, har abada. Muka yi dariya, muka ba ta kwana biyu. Ina! Gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Barkono ma ya shiga daula. Safe da yamma tana ba shi ruwa, tana shafa ganye tana cewa, "Sannunku, bayin Allah."

Da aka daka na wannan shekarar, Baba ya barbaɗa a ɗanwake, ya ci, ya ƙara, ya sake ƙarawa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Wai an manta da yaji ne yau?" Gwaggo ta lasa da yatsa. Ta ce alhamdulillahi, amma da irin muryar da ake amsa gaisuwar mutuwa. Kwanonin maƙwabta suka daina zuwa.

Shekara ta zagayo, na yi aure a Limancin Kona, na dawo gida goyon ciki na fari. A nan magana ta zama babba. Yajin jego uwa ce ke daka wa 'yarta. Da shi mai jego ke cin farfesun ƙauri, shi ake ƙullawa a kai wa dangin miji ranar suna. Uwar mijina kuwa ta riga ta cika wa matan unguwarsu baki cewa za su ɗanɗani yajin da ake labari. Ga barkono ya fara fure, ga Gwaggo tana ta yi masa sannu.

Ni da Baba muka ɗaura aniyar tsokanarta. Shi ya fara.

"Yaya, tuwon nan naki fa duk gudaji ne."

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam."

Na saki guganta a rijiya da gangan, abin da da can sai unguwa ta ji. Ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "Allah ya shirye ki." Na ari ludayinta na miya na kwashi toka da shi. Ta ɗauka ta wanke. Wallahi haushi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Mutum da ciki wata bakwai yana ta neman a zage shi, an ƙi!

Da Baba ya gaji, ya ce a gabanta, "To ai shi ke nan. A sayo barkono a kasuwa, wa zai sani?"

Gwaggo tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya cak. Na ce a raina yauwa, ga ta nan zuwa. Sai kawai ta miƙe ta shige ɗaki, ko abincin rana ba ta ci ba.

Washegari da hantsi na nufi rijiya, sai na ji ƙus-ƙus a bayan zana. Na leƙa ta wata 'yar kafa. Gwaggo ce a tsugune, carbi a hannu ɗaya, ɗayan tana nuna tukwane da yatsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Munafukai! Astagfirullah. Kun ci kun sha kun yi ƙiba, ko? Marasa kunya! Astagfirullah. To daga yau an daina. Ruwa sai dai ku ji ƙarar guga."

Na toshe baki da mayafi, dariya na neman shaƙe ni. Ta ja carbi, ta matsa kusa da wata tukunya.

"Ni za ku kunyata? A ce wai a je kasuwa, kamar yarinyar ba ta da uwa? 'Yata ce za ta haihu. 'Yata! Ita kaɗai gare ni. In kuka fito lami, wallahi akuya zan kira muku. Astagfirullah."

Nan take dariyar ta ɗauke. Na koma ɗaki a hankali ba tare da na ɗebi ruwan ba, na zauna bakin gado na yi kuka mai isata. Ban gaya wa kowa ba, har Baba.

Barkono ya sha ƙishi da zagi da istigfari har ya nuna jajir. Ranar daka masu karatu suka koma gindin darbejiya, Baba yana atishawa yana hamdala. Kwana kaɗan bayan haka na sauka lafiya.

Ita ta kawo mini farfesun farko da kanta, ta zuba yajin da hannunta, ta tsaya a kaina hannu a ƙugu. Na kai loma ɗaya. Kunnuwana suka yi ɗum, hanci ya tsinke, gumi ya keto mini.

"Ya yi?" in ji ta.

Na ce, "Ya yi, Inna."

Ban taɓa kiranta haka ba. Ta juya wajen bango tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Ke, rufe min baki ki ci," ta ce. "Mai kunnen ƙashi kawai. Astagfirullah."