Muryar da Na Goge

Duk abin da tsufa zai mantar da ni, ban da ranar da na goge muryar yayana da hannuna.

Soja ne, aka tura su Laberiya lokacin yaƙin ƙasar. Da yake Inna ba ta iya karanta wasiƙa, sai ya ɗauki muryarsa a kaset, ya ba wani abokin aikinsa da ya zo hutu ya kawo mana har gida a unguwar Gwallaga. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Inna za ta shimfiɗa tabarma ta kunna, tana amsa masa gaisuwa kamar yana durƙushe a gabanta. Ni kam har ya fara isata.

Ina da shekara goma sha bakwai a lokacin, ga rawar kai. Wata ƙawata ta ce ta aika katin gaisuwa gidan rediyo, za a kira sunana a shirin zaɓen waƙoƙi. Na birkice ɗaki neman kaset ɗin da zan ɗauki shirin, babu sai na Yaya. Ya ma karya 'yan haƙoran nan na bayan kaset don kada a ɗauki wani abu a kai. Ni mai wayo na cusa takarda a ramukan, na danna jan maɓalli. Shirin ya yi tsawo, har juya kaset ɗin na yi. Na ce wa kaina ai zai aiko wani.

Juma'a ba ta zagayo ba sai ga sojoji biyu da mai unguwa a ƙofar gida. An kashe shi, can aka binne shi. Aka yi masa sallar jana'iza a ƙofar gidanmu, ga sahu, babu makara a gaba.

Bayan addu'ar uku, da mata suka watse, Inna ta ce, "Auta, ɗauko min kaset ɗin yayanki."

Na ɗauko, ban faɗa mata abin da na yi ba. Na kunna. Maimakon sallamarsa sai kiɗa, sai mai shiri yana jero sunaye, har da nawa. Inna ba ta kalle ni ba. Tana cikin makoki ta saurari waƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, tana jira. Dab da ƙarshe kiɗan ya yanke, muryarsa ta fito: "...ita kuma Auta a riƙa haƙuri da ita, yarinta ce." Kaset ya tsaya.

"Kin ji," in ji Inna. "Ya ce a yi haƙuri da ke. Mayar min baya."

Da dukana ta yi da ya fi min sauƙi. Ta daɗe a duniya bayan nan, guntun nan kaɗai take ji, ba ta taɓa tayar min da zancen ba. Har yau abin yana cin raina. Tun daga ranar na koyi barin abin da wani ya adana yadda ya ajiye shi, domin ban san ko shi ne na ƙarshe ba.