Azumin da Sanata Ya Ɗaga Hannu

Ni ban taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwata. Ina 'yar ƙarama mahaifiyata ta zo da ni aikin Hajji ta ƙi komawa, na tashi a unguwar Tandabawi a Makka ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai, sana'ata tuwo. Amma akwai azumin da na san siyasar gida fiye da masu ita, har ina iya faɗin wane gwamna ya karkata ina. Ba sha'awa ce ta kai ni ba, ɗana aka kama.

Tura keken tsofaffi yake yi a bakin Harami, shurɗa, 'yan sandan nan, suka yi ram da shi. Daga nan sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka ɗauki hoton yatsunsa don kada ya dawo, aka zuba shi a jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa takawa ba. Yaron da Hausarsa rabi Larabci ce, in ya buɗe baki dariya ake yi masa. Dangin babansa, Allah ya jiƙan rai, suka karɓe shi da fara'a, da suka ga ba jakar tsaraba sai fuska ta sauya. Ya koma kwana a tasha. Wata mata da ta zo Umara ta ja ni gefe ta ce ta gan shi cikin yaran da ke shaye-shaye, ya rame har sai da ta sake dubawa. Tun daga ranar tsoro ya zauna mini.

Mutum ɗaya na sani da zai iya tsamo shi. Wani tsohon sanata ne da ke zuwa Umara duk azumi, yana sauka a wani otal a saman unguwar Misfala. Cikinsa ba ya shiri da shinkafar Larabawa, saboda haka shekara da shekaru ni ke kai masa tuwo da miyar kuka da kunun tsamiya. Yana da gonaki, yana da kamfanoni. Ko gadi ya sa aka ba yaron, da ɗakin da zai sa haƙarƙarinsa, wallahi ya gama mini komai. Na aika wa yaron cewa ya daure zuwa azumi, akwai babban mutumin da zan yi wa magana.

Ashe shekarar ta zaɓen fidda gwani ce. Mutum biyu ke neman jam'iyyarsu ta tsayar da su takarar shugaban ƙasa, kuma sun yi kunnen doki, ƙananan daliget sun rabu biyu. Saura manya, waɗanda ba wanda ya zaɓe su, tsohon muƙaminsu ne ya ba su ƙuri'a. Sanata na cikinsu, kuma daliget ɗin jiharsa kaf sun zuba ido su ga hannun wa zai ɗaga. Shi kuwa ya yi gum. Sai ga ɓangarorin biyu duk son Umara ya taso musu a lokaci guda, kowa ya sauka kusa da otal ɗinsa. Allah dai ya karɓi ibada, amma ni na ga mutanen da ɗawafinsu a ƙofar ɗakin Sanata ya fi yawa.

A da kai tsaye nake shiga, mu gaisa, ya tsokane ni cewa na rage daddawa. Bana kuwa wani mai riƙe masa waya, dogo mai ɗaurarriyar fuska, shi ke tare ni a ƙofa ya karɓi kula ya ce an gode. Na roƙe shi, na kira shi ƙanena, na kira shi Alhaji, har dambun nama na yi masa. Kullum sai ya ce Oga na ganawa. Azumi na ta tafiya, ni kuma ina komawa Tandabawi da maganata a baki.

Rannan bayan la'asar na rungume kular na ƙi sakinta. Na ce miyar yau sai da hannuna za a zuba, in kuwa ba haka ba in koma da abina, ya je ya gaya wa Oga dalilin da zai sha ruwa da burodi. Ya harare ni, ya matsa.

Ɗakin cike yake da maza, manyan riguna da turare, mutanen ɗaya daga cikin 'yan takarar ne. Sanata na zaune a kan darduma, ya faɗa, idonsa ja. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da 'yar magana. Ya ce Hajiya bismillah. Na ba shi labarin wani yaro da aka kama aka mayar, ba shi da kowa, yana neman lalacewa. Ya saurara sosai, ya daina jan carbi.

"Ɗanki ne?" ya tambaya.

To, ɗan fari ne. Tunda na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa cewa nawa ne ba. Haka mahaifiyata ta yi da yayana, haka ta koya mini, ta riƙe wannan kunyar a Makka gam kamar yadda ta riƙe muciyarta. Ga maza sun zuba mini ido. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Ɗan gidanmu ne, ranka ya daɗe."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce Allah sarki, Allah ya saka mini da na damu da ɗan mutane. Ya tambayi sunan yaron, na sunkuyar da kai na ce za a kawo masa. Ya ce ba laifi, a bari hayaniyar nan ta lafa. Ana haka dogon nan ya miƙo waya da hannu biyu, ɗan takarar ne da kansa a layi, kowa a ɗakin ya gyara zama. Ni kuma aka nuna mini ƙofa.

A waje dogon ya biyo ni da kular jiya. Ya ce Hajiya kada ki sa rai, a kwanakin nan kowane daliget da jerin 'ya'yansa da yake so a sama wa aiki, Oga ya ce na cikin mutum kawai zai duba, na maƙwabta sai wani jiƙon. Ya faɗa ne cikin tausayi, shi ya fi ƙona ni.

Da na gaya wa ƙanwar yaron, tashi ta yi tsaye. Ita ma haihuwar nan ce, in ranta ya ɓaci Larabci ke fara fitowa. Ta ce haram alaiki ya Ummi, wannan kunyar ta garin da yaro ke da kaka da goggo da baffa ce, uwa ta kau da kai wasu su rungume. Shi wa yake da shi in ba ni ba? Na taso mata, na ce ba ta da tarbiyya, 'yar Larabawan banza kawai. Ta fita ta bar ni. Aka kira magariba na ture dabino gefe, don na san gaskiyarta.

Washegari ban jira la'asar ba. Ana idar da azahar na ɗauki kula na kama hanya cikin ranar nan mai dafa ƙwaƙwalwa. Tun daga Tandabawi nake gwada sunan a ƙarƙashin niƙabi, a hankali, harshena na sarƙewa kamar mai koyon baƙi. Kafin in kai Misfala ya fara fita daidai.

Tun daga bakin otal na ga motoci a jere. Ashe da hantsi Sanata ya yanke, ya ɗaga hannun mutumin jiya, hotuna har sun zaga duniya. Yanzu Jidda za a wuce da shi a sa shi a jirgi, kafin ɗaya ɓangaren ya samu hanyar juya shi. Ko sallar idi ba zai jira ba.

Sai ga shi ya fito, an yi masa zobe, ana ta kabbara da sai ka yi. Na ajiye kular a ƙasa na kutsa cikin maza, ni da ko hanya ba na haɗawa da su. Wani ya bangaje ni, na bangaje shi. Na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Ranka ya daɗe, ɗana ne! Ɗan cikina ne!"

Na kira sunan, na sake kira, a tsakiyar otal, a gaban masu gadin da in suka tambaye ni iƙama kashina ya bushe. Sanata ya waiwayo wajen da muryar ke fitowa. Ya yi murmushi, ya dunƙule hannu ya jinjina mini kamar yadda yake jinjina wa kowa, ya ɗauka ni ma murna nake taya shi. Aka tura shi mota aka rufe.

Ban san yadda na kai gida ba. Na karɓi wayar ƙanwarsa na ce ta nemo mini shi. Ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, ina jin hayaniyar tasha a bayansa. Tunda sunan na bakina, sai kawai na kira shi da shi.



"Ummi," ya ce, "wa ya rasu?"

Na ce ba kowa. Ya sauke numfashi, ya tambaye ni ko na samu ganin babban mutumin. Na gaya masa gaskiya, na ce ya tafi. Ya ce ba komai, Allah na nan. Sannan ya ce in gaya wa ƙanwarsa kada hankalinta ya tashi in ta kira ba ta same shi ba, gobe zai sayar da wayar.