Allon Kabarin Baba a Yamai

Mun tashi da asuba daga Maradi, ni da kawuna, ƙanen Inna, ko karin kumallo ba mu yi ba. Abin da ya tayar da mu hoto ne da wani tela ɗan garinmu da ke zaune a Yamai ya turo mini a waya. Ruwan damina ya farfasa allunan siminti a tsohuwar maƙabartar da aka binne mahaifina, har da nasa. Baba ma tela ne, ya je Yamai neman na kai, ciwon kwana uku ya ɗauke shi ina ɗan shekara tara. Inna ba ta taɓa ganin kabarin ba. Abin da ta riƙe duk shekarun nan shi ne akwai allo da sunansa a kai, don haka ta ce kada mu dawo sai mun tsayar da shi.

Kar ɗin, wato bas ɗin da muka hau, ya cika maƙil, har da mai kaji a bayanmu. A Galmi warin albasa ya riga masu tallarta shigowa. A Konni kawu ya tsaya cinikin kilishin sefa jika guda kamar zai sayi raƙumi, sai da direba ya yi oda sau uku. Bayan Dogon Dutse akwai inda ruwa ya ci gefen kwalta, muka bi a hankali. A Doso na sayi dambu da zogale, na yi loma biyu na kasa. Da magariba muka shiga Yamai, muka kwana a shagon telan nan a Zongo, tsakanin kekunan ɗinki.

Da safe muka je shagon kayan gini muka sayi mannen da suke kira epoksi, tubu biyu, ɗaya fari ɗaya toka-toka. Mai shagon ya ce siminti sabo ba ya kama tsoho, amma wannan yana kamawa. Ya gargaɗe mu cewa da zarar an haɗa su ba ya jiran kowa. Muka ƙara da buroshi da tsohuwar robar tayar keke, muka tari taksi.

Mai gadin maƙabartar dattijo ne Bazabarme, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Ya yi mana fofo, wato sannu da yarensu, ya kai mu gindin wani itacen dogon yaro. Bayan ruwan, ashe ya bi ya tsince duk fasassun allunan ya jera su a inuwa, don kada a taka sunan bayin Allah. Sun fi a ƙirga a tsaye.

Mun fi awa muna jujjuya gutsattsari kafin kawu ya ɗago wani ya ƙura masa ido. Rubutunsa ne. Shi ya rubuta sunan da ƙusa tun simintin yana ɗanye, washegarin jana'iza. Muka samu allon ya fashe gida uku. Na goge bakin kowanne da buroshi, na hure ƙasar, muka bar su a rana suka bushe. Na matse tubu biyun a kan murfin gwangwani na dama da tsinke, warinsa na hawa kai, na shafa, kawu ya haɗa ya danne da hannuwansa. Muka ɗaure da roba muka zauna jira. Da ya kama, sunan ya dawo cikakke, sai tabo a tsakiya. Na yi murna, ban san da sauran aiki ba.

Kawu ya ɗauki allon ya yi gaba, da ƙarfin gwiwarsa. Alamarsa tun ranar binnewa ita ce itaciyar aduwa, taku bakwai daga gindinta ta gabas. Muka isa wurin, babu aduwa. Mai gadi ya ce iska ta kayar da ita tun shekarun baya, ko kututture bai rage ba. Ya nuna inda yake zaton take, kawu ya ƙirga taku, ya koma ya sake ƙirgawa. Kullum sai ya tsaya a kan kaburbura biyu da ke jere, dukansu ba allo, ruwa ya kusa daidaita su da ƙasa.

"Kawu, wanne ne?" na tambaye shi.

"Ni na sa shi da hannuna hwa," ya ce, "amma wallahi ban iya rantsuwa."

Ban taɓa ganin kawu yana kuka ba sai ranar. Mai gadi ya yi ta ba mu haƙuri, yana cewa da ya sani da ya bar kowane gutsure inda ya faɗi. Na ji haushinsa, na kuma ji kunyar jin haushin, don alheri ya nufa. Mu da muke da kabarin, shekara nawa ba mu leƙo ba?

A ƙarshe muka haƙa rami tsakanin kawunan kaburburan biyu, muka kafa allon, muka tallafe shi da duwatsu. Muka yi addu'a ga duka biyun.

A hanyar dawowa ban ga Doso ba, ban ga Konni ba, tunanin abin da zan faɗa wa Inna kawai nake yi. Kawu ya ce mu ce mata an gyara, mu tsaya nan. Tafiyar ta koya mini cewa zumunci a ƙafa yake, har da na waɗanda suka riga mu, kuma abin da ka bari sai an turo maka hotonsa, ba lalle ka same shi yadda ka bar shi ba.

Mun tarar da Inna a zaune kan tabarma, ta ajiye mana fura. Ta dube ni ta ce, "Kun same shi?" Na kasa yi mata ƙarya, na faɗa mata komai. Ta murza bakin zanenta.

"To, ba komai," ta ce. "Babanku bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. Ku bar masa maƙwabcinsa, su raba addu'ar."